Jibril a Ɗakin Kaji

Gidan Malam Maharazu shi ne na ƙarshe a lungunsu, a gindin Goron Dutse. Katangarsa ta baya jingine take da duwatsu, in aka yi ruwa mai ƙarfi har tsakar gida ruwan dutsen yake gangarowa. Maharazu baduku ne, yana da rumfa a Kasuwar Kurmi inda yake sayar da jakunkuna da tumtum da takalman fata. Kafin yaƙi fataken Kudu ne manyan masu sayen kayansa. Da yaƙin basasa ya ɓarke hanya ta mutu, sai ya wuni a rumfa ba wanda ya ko taya.

Abin da ya riƙe gidan a daminar 1968 kajin matarsa ne, Kulu. Da kaji huɗu ta fara, a tsohon ɗakin tumaki da ke bayan gida, wanda mahaifin Maharazu ya gina lokacin da ya sayar da shanunsa ya zauna a birni. Yanzu sun haura talatin. Ta jera musu fasassun randuna da tsofaffin kwanduna suna zuba ƙwai a ciki. Wani ɗan kwangila mai kai abinci bariki yana zuwa a keke duk Litinin da Alhamis ya kwashe. Da wannan ake cefane. Maharazu ba ya son a faɗi haka a gabansa, amma ya sani, kuma sanin ya mayar da shi mutum mai saurin fushi.

A farkon wannan damina aka dawo da ƙaninsa Jibril daga bakin daga. Motar soja ta sauke shi a bakin titi da jaka ɗaya da sandar da yake dogarawa a hammata. An yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa.

Kafin ya shiga soja Jibril saurayi ne mai barkwanci. A rugar kawunsu ya tashi, yana kiwo har ya kai shekara goma sha biyar kafin ya dawo birni. In ya shigo gidan ba ya barin Kulu ta huta da tsokana, irin wasan ƙanin miji da matar wa, ya buɗe mata tukunya ya ce miyar ba gishiri, ta bi shi da muciya. Wanda aka sauke daga motar ba ya wasa da kowa. In faranti ya faɗi sai ya kife a ƙasa ya rufe kai. Wani lokaci yana zaune lafiya sai ya kama kiran sunayen mutanen da ba wanda ya sani. Ran nan ya tayar da hankalin lungu yana ihun ga sojoji a kan dutse, aka duba aka ga masu shanyar wanki ne. Daga ranar unguwa ta yanke cewa Jibril ya taɓu.

Aka ba shi ƙaramin ɗakin da ke manne da na kaji. Kulu ta daɗe da shirin mayar da wannan ɗakin na 'yan tsaki, har ta sa an yaɓe shi. Ita ke kai masa abinci, ita ke wanke masa kaya, ita ke ɗebo masa ruwan wanka, ga 'ya'yanta mata biyu ƙanana, ga kaji. Watan farko ta yi da tausayi. Wata na biyu ta fara ajiye masa kwano a bakin ƙofa ba sallama.

Cikin watan Yuli ƙwai ya fara raguwa. Randar da ake samun biyar sai a tarar da biyu. Sai 'yan tsaki suka fara ɓata, yau ɗaya gobe ɗaya, ba gashi ba jini. Wata safiya Kulu ta tarar da kaza mai kwanci a mace kan ƙwanta, wuyanta a kumbure. Tana tsaye riƙe da ita Jibril ya yi magana daga bakin ƙofarsa.

"Yaya Kulu, maciji ne. Gamsheƙa."

Ta waiwayo. "Ka gan shi?"

"Sau biyu. Da rana yake zuwa, in gida ya yi shiru. Ta ramin ɓera yake shiga, can ƙasan bango wajen dutse. A kwashe itacen nan da aka jibge a bayan ɗakin, a toshe ramukan da fasasshiyar kwalba da laka, a zuba kananzir. In an ba ni laka zan iya toshewa a zaune."

Da yamma ta faɗa wa mijinta. Maharazu yana cin tuwo bai ɗago ba.

"Wanda ya ga sojoji a kan dutse? Shekara arba'in ina gidan nan ban taɓa ganin maciji ba." Ya suɗe hannu. "Amma ki ji da kyau, Kulu. In har ta tabbata kajinki sun jawo mini maciji cikin gida inda 'ya'yana ke yawo ba takalmi, rana ɗaya zan yanka su duka. In kuma macijin mai ƙafa ɗaya ne, to ruga zai koma, kawunsa ya ji da shi."

Bayan kwana uku tana share ɗakin kaji ta janye wata randa, sai ga saɓar maciji a bayanta, doguwa, fara, ba ta ko karye ba. Ta tsaya tana kallonta, tana jin muryar 'ya'yanta a tsakar gida. Sannan ta kalli kajin suna tsattsagar dusa. Su ne hatsin gidan, su ne sabulu, su ne dalilin da ya sa take iya ɗaga murya a gaban Maharazu. Ta tuna kuma da ɗaya maganar tasa, ta ruga, da ɗakin da ta sa aka yaɓe.

Ta sa kara ta ɗauko saɓar, ta ratsa tsakar gida ta cusa ta a murhu. Da ta juyo sai suka haɗa ido da Jibril yana zaune a bakin ƙofarsa. Ta kawar da kai. Abin da ta yi kawai shi ne ta hana 'ya'yanta zuwa bayan gida, ta ce musu akwai ƙuma.

Ranar Alhamis ɗan kwangila ya zo ya tarar da abin da bai kai rabin wanda ya saba ɗauka ba. Ya ce in haka za a ci gaba zai nemi wani gidan. A ranar ne kuma Maharazu, da ya dawo daga kasuwa hannu banza, ya zagaya bayan gida ya ga ɓawon ƙwai a gefen tabarmar Jibril. Ya ɗauko shi a tafin hannu ya kira Kulu, ya tsaya a kan ƙaninsa.

"Mene ne wannan?"

"Ɓawon ƙwai ne, Yaya."

"Macijin ne ya kawo maka?"

"Fasasshe na tarar a bakin ƙofa, kaji za su tattake shi. Guda ɗaya na sha. Yunwa nake ji." Ya faɗi haka a hankali, bai sunkuyar da kai ba. "Sauran ba ni ba ne. Wallahi maciji ne. Tambayi Yaya Kulu, ta ga saɓarsa."

Maharazu ya juya ga matarsa. "Kin gani?"

Da Kulu ta ce e, da zancen ya ƙare a nan.

"Ni ban ga komai ba, Malam."

"A gabana kika ƙona ta," in ji Jibril. "Shekaranjiya, da hantsi."

"Tsumma na ƙona. Kai Jibril, ka ji tsoron Allah. Ina ciyar da kai ina yi maka wanki, sannan ka ƙulla mini sharri?"

Ya daɗe yana kallonta. Ba fushi a fuskarsa, kamar dai mai ƙoƙarin tuna inda ya san ta.

Maharazu ya murƙushe ɓawon ya watsar. "To, an gama. Tunda duk gidan nan kai kaɗai kake ganin macijin, kai za ka yi gadinsa. Ai soja ne kai. Daga gobe in zan fita kasuwa zan sa ka a ɗakin kajin in kulle, in na dawo in buɗe. In ya zo ka kama mana shi mu gani. In ƙwai ya ɓata kana ciki, ba sai an yi dogon zance ba."

Washegari haka aka yi. Maharazu ya tallabo shi ya zaunar da shi a kan buhu a jikin bango, ya ajiye masa buta da ɗan kwanon koko, ya ɗauke sandar.

"Yaya, bar mini sandar."

"Ka ɓalle mini ƙofa da ita?"

"In ya zo da me zan dake shi?"

"Da abin da ka kashe sojojin kan dutse."

Ya ja ƙofar langa-langa ya sa kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu ya tafi.

Ɗakin ba taga sai wata 'yar kafa a sama. Da rana ta take, langa-langa ta ɗau zafi, warin kashin kaji ya tashi. Kulu tana jin tarinsa daga madafa. Da azahar ta ji shi yana salla a zaune, kaji na kai-komo a kansa. Da magariba aka fito da shi rigarsa duk kashi, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu da cizon ƙuma. Maharazu ya leƙa randuna ya tarar da ƙwai cif.

"Kin gani ko? Yau macijin ya san ana kallonsa."

"Motsina yake ji," in ji Jibril. "Shi ya sa bai shigo ba. Yunwa za ta kawo shi."

Rana ta biyu ma ƙwai bai ɓata ba, haka ta uku. Maharazu har ya ba da labarin a majalisarsu ta ƙofar masallaci, wai ya samo maganin maciji wanda ko bokaye ba su da shi. Wasu suka yi dariya. Wani dattijo ya ce, "Maharazu, ɗan'uwanka ne fa," ya ce ai gyara shi yake yi.

A safiyar rana ta huɗu, kafin a sa kwaɗo, Jibril ya kira Kulu da ƙaramar murya lokacin da take zuba dusa.

"Yaya Kulu, ba na neman ki faɗa masa. Ki dai jefo mini ko guntun icce ta kafar nan in ya fita."

Ta ci gaba da watsa dusa kamar ba ta ji ba. A ranta ta ce in Maharazu ya tarar da icce a hannunsa zai tambayi dalili.

Bayan azahar kaɗan, yara sun tafi makarantar allo, Kulu tana tankaɗe a inuwa, sai kajin suka ruɗe gaba ɗaya. Kuka da fuka-fukai da dukan langa-langa. Sannan ihun Jibril, ba irin wanda aka saba ji ba.

"Idona! Yaya Kulu! Ya tofa mini a ido! Ruwa!"

Ta saki rariya ta ruga. Ta tsaya a bakin ƙofar, hannunta a kan kwaɗon. Tana jin huci daga ciki, da ƙarar randa ta fashe.

"Ga buta nan kusa da kai!"

"Ta zube! Ba na gani! Ki buɗe!"

"Makulli yana wurin Malam."

"Ki fasa! Don Allah ki fasa! Yana jikina!"

Ga taɓarya can jingine da turmi, taku goma ne tsakaninsu. Ta kalle ta. In ta fasa ƙofar, macijin zai fito ta kanta. In kuma ta kira maƙwabta, unguwa duk za ta gan shi, Maharazu zai dawo ya tarar da magana biyu: ta kaji da ta saɓa. Ta ce wa kanta wataƙila ma tsorata ya yi, irin yadda ya saba. Ta ce wa kanta bari ta ɗan jira ta ji.

Ta koma inda take tankaɗe ta zauna. Ta ɗauki rariyar, ta sake ajiyewa. Yana kiran sunanta, yana kiran na yayansa, daga baya ya koma kiran mahaifiyarsu da ta rasu tun yana ruga. Tana jin wani duka a jikin bango, tim, tim, tim, kamar ana kirɓa abu. Can dukan ya tsaya. Ihun ya koma nishi.

Inuwar katanga ta kai bakin rijiya kafin wani ya shigo. 'Yardada ce, tsohuwar da ke gidan da ke jikin nasu, mai sayar da fura da nono. Ta shigo ba sallama, zaninta a ɗaure sama.

"Ke Kulu, me ke faruwa da yaron nan? Wannan nishin ba na lafiya ba ne."

"Inna, a kulle yake, makulli yana kasuwa."

Tsohuwar ta dube ta sau ɗaya, ta ɗauki taɓaryar. Duka uku ta yi wa marfin, ƙusoshin suka fita daga azara. Kaji suka yi waje a guje ta tsakanin ƙafafunsu.

Jibril yana zaune a inda aka ajiye shi. Idanunsa sun kumbura sun rufe, ruwa na bin kumatunsa. Baƙin maciji, kaurinsa ya kai damtsen yaro, ya naɗe masa hannun dama har kafaɗa. Ya riƙe wuyansa gam, kan kuwa ya dagargaje shi a jikin bango, jini da laka sun haɗu. A bayan hannunsa akwai sara biyu, wurin ya riga ya yi baƙi. Kaji uku a mace a gefensa.

Sai da 'Yardada ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya ya saki.

"Inna ce?" ya tambaya. "Ya mutu?"

"Ya mutu, ɗana."

"A nuna wa Yaya."

Ta aika Kulu ta ɗauko mata ƙwaryar madara a gidanta. Ta kwantar da kansa a cinyarta tana buɗe idon da yatsa tana zubawa, yana miƙewa yana cije haƙora. Ta yaga bakin mayafinta ta ɗaure masa hannun.

"Tun yaushe?" in ji 'Yardada.

"Yanzun nan," in ji Kulu.

"Ƙarya kike. Tun ina lazimin azahar nake jin ihu. Na ɗauka irin nasa ne na kullum, na ci gaba da jan carbi." Muryar tsohuwar ta karye. "Ni katanga ce tsakanina da shi. Ke fa?"



Lawal mai amalanke, maƙwabcinsu, shi ya tura shi zuwa asibiti, 'Yardada na biye da shi. Suna fita lungu Maharazu yana shigowa, labari ya riske shi a hanya. Ya leƙa amalanken ya ce, "Subhanallahi, ku yi gaba ina zuwa." Ya shiga gida ya wuce bayan ɗaki. Ya fara duba ƙofar da aka fasa. Sannan ya ɗago macijin ta wutsiya, ya miƙar da shi a ƙasa, ya auna da kamu. Ya shafa bayansa da babban yatsa.

"Fatar ba ta lalace ba," ya ce, "kan kawai ya ɓata."

Kulu tana tsaye tana jiran ya tambaye ta saɓa, ko ya ɗauko wuƙar yanka kaji. Bai yi ko ɗaya ba. Ya san abin da gidan ke ci, kamar yadda ta sani. Ya ɗauki macijin ya fita da shi ƙofar gida ya rataye a reshen darbejiya. Mutane suka taru, yara da manya, ana ta mamakin girmansa.

"Mun daɗe muna fakonsa," in ji Maharazu. "Kwana huɗu muna ɗana masa tarko. Sai dai an samu tsautsayi, ya taɓa Jibril."

Kafin magariba ya feɗe shi, ya kafe fatar da ƙusoshi a kan allo, ya barbaɗa gishiri. Sai bayan isha'i ya tuna bai je asibiti ba, ya ce gobe da safe. Washegari ya sa aka kwashe itacen da ke bayan ɗakin, aka toshe ramukan da fasasshiyar kwalba da laka, aka zuba kananzir. Aikin bai ɗauki rabin yini ba.

Kwana goma sha tara Jibril ya yi a asibiti. Hannun ya ruɓe, aka cire yatsu uku da naman bayan hannun. Idon dama ya yi fari fat. Na hagu yana bambance rana da dare, ban da haka ba ya ganin komai. Wadda ta yi jinyarsa ita ce yayarsu Asma'u, wadda ke aure a unguwar Sheshe. Ita ba wanda ya gaya mata an kulle shi sai da 'Yardada ta je da ƙafarta.

Ranar da za a sallame shi Asma'u ta zo Goron Dutse ɗaukar jakarsa. Ta tarar da jakar a rataye a zaure. Ta wuce ciki duk da haka, ta tura ƙofar ɗakinsa. 'Yan tsaki ne cike da ɗakin, an shimfiɗa musu ƙaiƙayi. Ta ja ƙofar ta rufe a hankali. Maharazu yana zaune a tabarma yana karyawa, Kulu na gefe.

"Yaya Asma'u, ai da kin bari an kawo shi nan. Za mu gyara masa zaure," in ji Maharazu.

"Zaure."

"To ya za a yi? Kin ga halin da ake ciki. Ni ma ban so abin ya kai haka ba, ƙaddara ce."

"Maharazu, ni na goya ka, na goya shi. Yaron nan an kai shi inda ake harbin mutane ya dawo da idonsa biyu. A gidan ubansa ya rasa su." Ta juya ga Kulu. "Ke kuma ban san me ya yi miki ba. Na tambaye shi ya ƙi faɗa. Duk abin da na ce game da ke sai ya yi shiru."

Ta ɗauki jakar da sandarsa ta fita. Maharazu ya bi ta har zaure yana cewa a dai riƙa tuna zumunci. Ba ta waiwayo ba.

A Sheshe mijin Asma'u ya ba Jibril ɗaki kusa da soro. Da safe a fito da shi a zaunar da shi a dakali, da yamma a mayar. Ya daina ihu, ya daina kiran sunaye, faranti ma in ya faɗi ba ya motsi. Ciwon hannun bai taɓa rufewa sosai ba. Yana ramewa a hankali har bayan damina.

Kulu ba ta je ba sai da aka aiko cewa jikin ya yi tsanani. Ta nemi izinin Maharazu, ta dafa kaza guda da romo ta zuba a kwano, ta ɗauki hanya bayan la'asar. Asma'u ta karɓi sallamarta a tsaye, ta nuna mata ɗakin da baki.

Yana kwance a kan katifar ciyawa, fuskarsa na kallon rufi. Ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Jibril, ni ce. Kulu."

Ta ɗan matso kusa da katifar.

"Ya jiki? Ga romo na kawo maka."

Ƙudaje na sauka a kan tsumman da aka naɗe hannun. Ta kai hannu za ta kore su, ta fasa.

"Jibril, na ga saɓar. Ka san na gani. Ranar ma ina jin ka, ina zaune. Ka yafe mini don Allah."

Ya daɗe bai motsa ba, har ta zaci barci yake. Sannan ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Kajin suna nan lafiya?"

"Suna nan."

"Ba a sake ɓatan ƙwai ba?"

"Ba a sake ba."

"To madalla."

Ta jira. Ta sake cewa ya yafe mata, har sau biyu. Ya juya fuskarsa ga bango. Asma'u, wadda ke tsaye a bayanta tun farko ta kuma ji komai, ta sunkuya ta ɗauki kwanon ta miƙa mata.

"Tashi ki tafi, magariba ta yi. Ki tafi da abinki, ba ya iya haɗiye nama."

Bayan kwana shida ya rasu, ranar Talata da hantsi. Maharazu, a matsayinsa na babban namiji, shi ya zauna a kan tabarmar karɓar gaisuwa a Sheshe har kwana uku. Masu zuwa suna cewa Allah ya saka masa, ya riƙe ɗan'uwansa da yaƙi ya nakasa. Yana amsawa da amin, idonsa jajir, don kukan da ya yi a maƙabarta na gaske ne. Asma'u ta bari aka share makoki ba ta tayar da magana ba. A rana ta huɗu ta aika masa cewa kada ya sake taka mata gida, ko shi ko matarsa, kuma har ta mutu ba ta janye ba.

Kulu ta ci gaba da kiwonta. Da aka gama yaƙi kajinta sun kai tamanin, cike da ɗakuna biyu, kasuwar Maharazu ma ta farfaɗo. Suka yi shekara ashirin da wani abu tare bayan haka, suka aurar da 'ya'yansu, suka je Makka a shekara ɗaya. A duk tsawon wannan zama bai taɓa tambayarta inda take ba lokacin da Jibril ke ihu, ita ma ba ta taɓa faɗa masa ba.